Masu Hannu Da Shuni Da Rainon Kamfanonin Intanet

A watan Agustan 1998, wani attajiri mai suna Andy Bechtolsheim, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Sun Microsystems, ya rubuta wa wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford cekin dala 100,000 da sunan Google. A lokacin ko rajistar kamfanin ba a yi ba, sai a watan Satumba aka yi ta, sannan aka iya shigar da kuɗin banki. Irin waɗannan mutane su ne Turawa ke yi wa laƙabi da mala'iku: attajirin da ke zuba kuɗin aljihunsa a kamfanin da bai ko fara tatata ba, a ba shi wani kaso na mallakarsa.

Banki ba ya wannan aiki, domin jingina yake nema, shi kuwa matashin da ya ƙirƙiro manhaja ba shi da fili, ba shi da gida. Mala'ikan ba bashi yake bayarwa ba. In kamfani ya rushe, kuɗinsa sun tafi ke nan, kuma galibinsu rushewa suke yi. Shi ya sa masu wannan harka ke rarraba jarinsu a kamfanoni da yawa, da fatan guda ɗaya ya mayar da asarar sauran.

Sai dai a ganina kuɗin ba su ne kan gaba ba. A 2005 Paul Graham da abokansa suka kafa Y Combinator a Amurka, inda ake ba sababbin kamfanoni ɗan jari, a kuma zauna da su wata uku ana yi masu jagora. Da samarin Airbnb suka shiga a 2009, kasuwarsu ta ƙi motsi. Graham ya ce su tafi New York inda masu hulɗa da su suke. Suka je, suka bi gida gida, suna ɗaukar hotunan ɗakunan haya da kansu, kasuwa ta buɗe. Ta wannan ƙofa Paystack na Legas ya bi a 2016, kafin kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200.

Mai karatu zai lura cewa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun zamanin fatauci ubangida ke ba yaronsa jari, ya nuna masa hanya, ya haɗa shi da dillalai, in ya ƙosa ya yaye shi. Fikihunmu ma ya san ƙiradi, wato wani da dukiya, wani da aiki, a raba riba, asarar dukiya kuma ta hau kan mai ita.

To, me ya hana attajiran Kano da Kaduna yin haka ga matasanmu masu ilimin kwamfuta? Legas ta kafa ƙungiyar irin waɗannan masu jari tun 2012, kuma a 2022 aka sa hannu kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a Najeriya. Mu kuwa har yanzu fili da bene muka fi amincewa da su, matasanmu na ɗaukar basirarsu suna kai wa inda za a saurare su.

Shawarata ga likitoci da injiniyoyi da manyan ma'aikatanmu ita ce su haɗu goma goma, su ware abin da asararsa ba za ta girgiza su ba, a rubuta yarjejeniya a gaban lauya, sannan kowa ya ba yaran nan awa biyu a mako. Allah Ya sa mu dace.