Auna Haske Wajen Ɗaukar Hoton Fili

Inda hasken rana mai ƙarfi ya gamu da inuwa, na'urar auna haske takan ruɗi mai ɗaukar hoto, domin duk abin da aka nuna mata takan ɗauke shi ruwan toka ne. Saboda haka Ansel Adams da Fred Archer suka tsara wata hanya a Amurka wajen 1940, suka kasa haske mataki-mataki daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Watau a auna inuwar da ake so a ga cikinta, a rage haske mataki 2, sa'an nan a taƙaita lokacin wanke fim don kada sama ta ƙone. Abin da fim bai kama a inuwa ba, babu wankin da zai fito da shi.