GAJERE BA YARO BA NE, AMMA A BINCIKI DALILI

Ƙanwata ce ta sa na ɗauki alƙalami a yau. Shekarunta 15, amma in kin gan ta sai ki rantse 'yar firamare ce. Sa'o'inta duk sun yi ƙirgar dangi, sun fara al'ada, ita kuwa shiru. Rannan ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an kira ta guntuwa. Ina gyara gado sai ga ƙwayoyi a ƙarƙashin filonta, ashe ƙawarta ce ta sayo mata a kemis, wai za su sa ta yi tsawo da jiki. Wallahi gabana sai da ya faɗi!

Washegari muka kai ta asibiti ni da Inna. Likita ya auna tsawonta da nauyinta, ya tambayi tsawon Baba da na Inna, domin sau da yawa gajarta gado ce. Ya ce wasu kuma jinkirin balaga ne kawai, daga baya su kamo sa'o'insu. Amma akwai wadda ciwo ke jawowa: rashin abinci mai gina jiki, sikila, ko lalurar Tana, wadda ake haifar mace ɗaya cikin kimanin 2,500 da ita.

Aka ɗauki hoton ƙashin hannunta na hagu, aka ga ƙashin bai kai shekarunta ba, wato da sauran damar tsawo. Gwajin jini kuma ya nuna halittar nan ta maƙogwaro, tayirod, ba ta aiki sosai. Shi ya sa kullum take jin sanyi da kasala, mu muna ce mata raguwa. Ƙwayoyin kemis kuwa, ya ce irinsu fuska suke kumburawa, su daƙile tsawon. Yanzu tana shan maganinta kullum da safe, har siket ɗinta na makaranta ya ɗage.

'Yar'uwa, in kin kai 13 babu alamar ƙirji, ko 15 babu al'ada, kar ki ji kunyar faɗa wa mahaifiyarki ku je asibiti. Bayan fara al'ada ɗan tsawo kaɗan ne ya rage, in ƙashi ya rufe kuwa babu maganin da zai buɗe shi. In kuma gado ne, ki gode wa Allah, haka Ya halicce ki.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.