Ƙwayoyin Halitta Masu Amfani a Abincin Kifi

Da zarar an ambaci bakteriya, abin da kan faɗo wa ɗalibi a rai shi ne cuta, kamar kwalara ko tarin fuka. To amma ba a taru an zama ɗaya ba. Daga cikin waɗannan ƙananan halittu da ido ba ya gani akwai masu mayar da madara kindirmo, akwai kuma masu mayar da kalwa daddawa. Irinsu ne masu kiwon kifi ke zubawa da gangan cikin abincin kifayensu.

Asalin Al'amarin

A shekarar 1907 masanin nan ɗan Rasha, Élie Metchnikoff, na Cibiyar Pasteur da ke Faransa, ya yi hasashen cewa bakteriyar nono mai tsami da manoman Bulgeriya ke sha tana kyautata lafiyar hanji. Daga baya aka raɗa wa irin waɗannan halittu suna furobayotik. A 2001 masanan Hukumar Abinci da Aikin Gona da na Hukumar Lafiya ta Duniya suka bayyana su da cewa rayayyun ƙwayoyin halitta ne masu amfanar jiki idan an ci su daidai gwargwado.

Matsalar Mai Kiwo

A shekarar 2022, a karon farko, kifaye da sauran dabbobin ruwa da aka kiwata a duniya sun zarce waɗanda masunta suka kamo. A Nijeriya tarwaɗa aka fi kiwo, kuma akan cunkusa ɗaruruwa cikin ɗan ƙaramin tafki. Cunkoso da gurɓacewar ruwa kan raunana kifi, sai bakteriya irin su Aeromonas hydrophila su samu ƙofa. Gyambo ya fito a fata, ciki ya kumbura, cikin 'yan kwanaki jarin mutum ya salwanta.

Da yawa daga masu kiwo kan garzaya ga magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai yawan amfani da su kan sa ƙwayoyin su bijire wa magani, kuma ragowarsa kan maƙale a naman da jama'a za su ci. Tsoron wannan bijirewa ne ya sa Tarayyar Turai ta haramta zuba su a abincin dabbobi domin saurin girma tun 2006.

Yadda Suke Aiki

Waɗanda aka fi amfani da su sun haɗa da Bacillus subtilis, wato jigon bakteriyar daddawa, da dangin Lactobacillus na kindirmo, da yistin burodi. Idan kifi ya haɗiye su, sukan mamaye bangon hanji, su yi gasar wuri da abinci da masu cutarwa. Na biyu, wasunsu kan fitar da tsami da sinadaran da ke kassara abokan gaba. Na uku, sukan samar da sinadaran narkar da abinci, ta yadda kifi zai ƙara nauyi da abinci kaɗan. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, domin abinci kan cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Na huɗu, sukan zaburar da garkuwar jikin kifi, cuta ta tarar da shi a shirye.

A Yi Hattara

Tunda rayayyu ne, zafin injin da ke curin abincin kifi kan kashe yawancinsu. Saboda haka akan gauraya su da mai a fesa a kan abincin bayan ya huce, a adana a inuwa. Dangin Bacillus sun fi juriya, domin sukan naɗe kansu cikin ƙwanso mai tauri. Haka kuma nau'in da ya amfani karfasa ba lalle ne ya amfani tarwaɗa ba, kuma zuba kindirmo a tafki ba zai maye gurbin nau'in da aka gwada ba.

Kammalawa

Furobayotik ba maganin kifin da ya riga ya kamu ba ne, kuma ba ya hana sauya ruwa da rage cunkoso. Garkuwa ce da ake ɗaurawa tun kafin cuta ta zo. Da ma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.