Riƙon tsohuwar Marsandi a zafin Sakkwato

Marsandin da 'yan Najeriya ke kira V-boot, wadda kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya sa wa lamba W124, an fara ƙera ta a ƙarshen 1984, aka daina fitar da mai ƙofa huɗu a 1995. Ke nan auta a cikinsu ma ta kai shekara talatin. Yawancin waɗanda ke Arewa 'yan Kwatano ne: an sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, suka bi ta Nijar, suka shigo ta iyakoki irin su Illela, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan tudu a Janairun 2017. Har yau akan ga irinsu suna zaga shataletalen Runjin Sambo, tare da ƙannensu a wannan sahu, wato Lexus ES 300 da ES 330. Sayen irin wannan mota ba shi da tsada sosai, riƙonta ne aiki. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, masu ita da dama suka koma yin ƙananan ayyuka a ƙofar gida.

An ƙera V-boot ne don ƙasar sanyi, a Sakkwato kuwa zafin bazara kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu. Shi ya sa kulawa take farawa daga lagireto. Ana duba ruwansa da safe, inji na sanyi. Ba a buɗe murfin idan mota ta yi zafi, domin ruwan yana cikin matsi, yana iya feshe wa mutum fuska. Ruwan rijiya ko na burtsatse da aka saba ɗurawa yana barin tsatsa da farin datti a ƙananan hanyoyin lagireto, a hankali su toshe. Abin da ya dace shi ne ruwan sanyaya inji na kwalba, a gauraya shi da tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batir, kusan rabi da rabi. Wuyan lagireton V-boot na roba ne, tsufa da zafi suna sa shi gautsi, yana iya karyewa ana tsakiyar tafiya. Idan an ga ya fara kore launi ko ya yi 'yar tsaga, a canja tun kafin a ɗauki hanyar Gusau ko Birnin Kebbi. Tiyo-tiyon ruwa kuma a riƙa matsa su da hannu, wanda ya kumbura ko ya yi taushi kamar ɓargo ya gama aikinsa.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejojin ƙasar nan: da mota ta fara tafasa sai a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Tamostat wani ɗan bawul ne da ke riƙe ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka tsara masa, sama kaɗan da digiri 80, sannan ya buɗe ya sake shi zuwa lagireto. Idan aka cire shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, na'urar da ke auna mai ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara fetur. Sakamakon shi ne shan mai, baƙin fulogi, da saurin lalacewar baƙin mai. Ciwon da ya jawo tafasar kuma yana nan inda yake: ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko kulocin babbar fanka ya saki. Wannan dabara ta cinye injina masu yawa, kuma abin takaici ne yadda ake sayar wa masu mota ita da sunan gwaninta. Gwajin kulocin fanka ba wuya: a kashe mota bayan ta yi zafi, a juya fankar da hannu, idan ta yi ta wulwulawa babu tirjiya, ya mutu.

Juyen mai shi ne aikin da kowa zai iya koya rana ɗaya. Injin mai silinda shida na V-boot ƙirar 260E da 300E yana cin kusan lita shida. A wurin ƙura da zafi, barin mai ya wuce kilomita 5,000 ganganci ne, kuma filta ana canja ta duk juye. Mai jarka rufaffiya daga dila sananne ya fi na awo a kwalba, domin jabu ya yi yawa. Injin 1MZ na ES 300 an san shi da tara daskararren mai idan ana jinkirta juye. Tsohon man da aka juye a zuba shi a jarka a ba masu saye, kada a tuttular da shi a kwata. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kuma kada ya dogara da jak kaɗai, sai ya tokare ta da ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai ƙarfi, ya sa waigi a taya. Rairayi yana zamewa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce ke shiga filtar iska. A buɗe a kakkaɓe ta duk mako biyu, idan an ɗaga ta a rana ba a ganin haske ta cikinta a sayi sabuwa.

Wutar V-boot tana da nata hali. Fis ɗinta irin na dā ne, masu tsini a baki biyu, kuma bakin yakan yi tsatsa, sai gilashi ko fitila su riƙa ɗaukewa suna dawowa. Goge bakin ko canja su gaba ɗaya yana warkar da cututtuka da yawa da ake ɗora wa manyan na'urori. Waɗanda aka ƙera tsakanin 1993 da 1995 suna da matsala ta musamman: rigar wayoyin inji an yi ta da robar da ke ruɓewa, zafi yana marmashe ta, wayoyi su haɗu, har su ƙona kwamfutar mota. Idan an ɓare tef ɗin aka ga robar tana zuba kamar gari, naɗe-naɗe ba ya magani, sai an canja damin wayar duka, kuma wannan aikin ƙwararren mai wayarin ne. Makullin ƙofofi kuwa da zuƙar iska yake aiki ta siraran tiyo, sau da yawa ɗan tiyo ɗaya da ya tsage ne ke hana ƙofa kullewa.

Mai Lexus yana da sauƙin da mai V-boot ba shi da shi. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona 'yar na'ura ta karanto lambar matsala a wayar hannu. Lambar tana nuna sashen da za a bincika, ba lallai ta ce ga abin da za a saya ba. Sai dai ES 300 da ES 330 da bel ake ɗaure lokacin injinsu, ana canja shi wajen kilomita 145,000, alhali V-boot sarƙa gare ta. Wanda ya sayi motar hannu bai san tarihinta ba, ya ɗauka ba a taɓa canja bel ɗin ba.

Taya tana da ranar haihuwa a gefenta, lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma kwaltar bazara ba ta yafe wa tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba. Man birki yana shan danshi, ana sabunta shi duk shekara biyu.

A wajen kwalliya da sauye-sauye, sabuwar rediyo ko rufin kujeru ba sa cutar da komai idan ba a yanyanke wayoyi ba. Manyan ƙafafu masu siririyar taya suna kashe laushin tafiyar da aka san motar da shi, suna kuma gajiyar da robobin ƙafa a ramuka. Baƙin gilashi yana buƙatar izinin 'yan sanda. Cire abin da ke tace hayaƙi a salansa, wanda ake kira indomi, yana sa ƙara da wari, a Lexus kuma ya kunna fitilar gargaɗi. Mayar da mota ta zama mai amfani da iskar gas ta CNG aikin cibiyoyin da aka amince da su ne, da tukunyar da aka ƙera don haka.

Buɗe kan inji, gyaran giyar otomatik, na'urar rabon fetur ta KE-Jetronic da sifirin ɗin gaba, wanda ke iya tsalle ya karya ƙashi, duk na bakanike ne mai kayan aiki, irin waɗanda ake samu a Buzaye. Kayan gyara kuwa daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ake yawan aiko su. Kafin a tura kuɗi, a ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohon ƙarfen da lambar shasi a aika wa mai shago, domin 230E da 300E jikinsu ɗaya amma cikinsu ya bambanta.