MATASAN 'YAN WASA MATA MASU TASOWA A ƘWALLON ƘAFA NA OSTARELIYA

Gabatarwa

Idan aka ambaci ƙwallon ƙafa a ƙasarmu, abin da yake zuwa zuciyar mai sauraro shi ne wasan da mutum 11 suke bugawa a kowane ɓangare. Amma a ƙasar Ostareliya akwai wani wasa na daban da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, wanda yake da nasa dokoki da nasa tarihi. A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin gabatar da wasu 'yan mata da suka fara yin fice a wannan wasa. Haka kuma zan bayyana dalilin da ya sa sai a 'yan shekarun nan aka fara samun irinsu da yawa. A ganina, dalilin shi ne su ne rukuni na farko da ba a tilasta wa barin wasan a tsakiyar ƙuruciyarsu ba.

Yadda Ake Yin Wasan

Kafin mu je ga 'yan wasan, ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. An rubuta dokokinsa na farko a birnin Melbourne a shekarar 1859, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa a lokacin ita ce 'yan wasan kurket su samu abin motsa jiki a lokacin sanyi. Filin wasan yana da siffar ƙwai, haka ma ƙwallon. Maza suna wasa mutum 18 a kowane ɓangare, mata kuwa mutum 16.

An yarda mai wasa ta riƙe ƙwallo a hannu ta yi gudu da shi, amma dole ta buga shi a ƙasa a duk mita 15. Ba a yarda ta jefa shi ba, sai dai ta harba da ƙafa ko ta naushe shi da hannu. Idan aka harbo ƙwallo ya yi tafiyar mita 15 sannan wata ta cafke shi kafin ya taɓa ƙasa, alƙalin wasa zai ba ta damar harbawa ba tare da kowa ya tare ta ba. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu. Idan aka harba ƙwallo ya wuce tsakanin dogayen sanduna biyu na tsakiya, an ci maki 6. Idan ya bi ta gefe, tsakanin doguwar sanda da gajeriya, an ci maki 1.

Hanyar Da Ta Kasance A Toshe

Mata sun daɗe suna wannan wasa, domin tun a shekarar 1915 an yi wasannin mata a birnin Perth. Sai dai na tsawon lokaci babu gasar 'yan mata matasa. Yarinya takan yi wasa tare da yara maza har ta kai shekara 12 ko 13, daga nan sai a dakatar da ita. Misali, Erin Phillips ta bar wasan tana da shekara 13, ta koma ƙwallon kwando, inda ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2008, ta kuma ci kofin gasar ƙwararrun mata ta Amurka sau biyu. Sai da ta kai shekara 31 sannan ta samu damar komawa ga wasan da ta fara da shi.

A shekarar 2003 wasu 'yan mata uku a jihar Victoria, cikinsu har da Penny Cula-Reid, suka kai ƙara saboda an hana su ci gaba da wasa. Hukuncin da aka yanke a 2004 ya ce ba za a hana 'yan mata shiga rukunin 'yan ƙasa da shekara 14 ba. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe gasar 'yan mata matasa a jihar.

Babban sauyi ya zo ne ranar 3 ga Fabrairu, 2017, lokacin da aka fara gasar ƙasa ta mata, wato AFLW, da ƙungiyoyi 8. A wasan farko tsakanin Carlton da Collingwood mutum 24,568 suka cika filin, har aka rufe ƙofofi aka bar wasu a waje. Ƙungiyoyin sun ƙaru zuwa 10 a 2019, sannan 14 a 2020, sannan 18 a 2022.

Yadda Ake Gano Masu Hazaƙa

Hausawa suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A yau yarinya tana iya fara koyon wasan tun tana da shekara 5 a wani shiri na yara mai suna Auskick. Daga nan sai ta shiga ƙungiyar unguwarsu, sai gasar 'yan ƙasa da shekara 18, inda masu farautar 'yan wasa suke zuwa kallo. A shekarar da ta cika 18 tana iya shiga zaɓen sababbin 'yan wasa. A wannan zaɓe, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gasa ita ake fara ba wa damar ɗauka, domin kada ƙarfi ya taru a wuri ɗaya.

Akwai kuma kyautar Tauraruwa Mai Tasowa, wadda ake ba wa wadda ta fi ƙwazo a cikin 'yan ƙasa da shekara 21. Wannan kyauta ta nuna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ebony Marinoff ta Adelaide ce ta fara cin ta a 2017 tana da shekara 19, kuma a 2024 aka zaɓe ta gwarzuwar gasar baki ɗaya. Madison Prespakis, wadda ta fara wasa tun tana ƙaramar yarinya ba tare da katsewa ba, ta ci kyautar a 2019 a ƙungiyar Carlton. Shekara ɗaya kacal bayan haka ta zama gwarzuwar gasar tana da shekara 19.

Wasu Daga Cikin Masu Tasowa

Ta farko da zan ambata ita ce Zarlie Goldsworthy, 'yar garin Albury, wadda ta ci kyautar Tauraruwa Mai Tasowa a 2023 a ƙungiyar GWS Giants. A wannan kaka ta zura ƙwallo sau 5 a wasa ɗaya da suka yi da Carlton, alhali shekarunta 18. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a gasar mata sau da yawa ƙungiya sukutum ba ta zura fiye da haka a wasa.

Ta biyu ita ce Matilda Scholz ta Port Adelaide, wadda ta ci kyautar a 2024. Aikinta a fili shi ne yin tsalle ta bugo wa abokan wasanta ƙwallo idan alƙali ya cilla shi sama. Yawanci masu wannan aiki sukan ɗauki shekaru kafin su ƙware, saboda yana buƙatar ƙarfin jiki da sanin lokacin tsalle. Ita kuwa tana da shekara 19 ta haɗa wannan kyauta da kyautar cafkar ƙwallo mafi ƙayatarwa ta shekarar.

Ta uku ita ce Zippy Fish, 'yar jihar Yammacin Ostareliya, wadda ƙungiyar Sydney ta ɗauka a zaɓen 2024. Ta ci kyautar a 2025, wato a kakarta ta farko. Zaɓen 2024 shi ne na farko da kowace ƙungiya take da ikon ɗaukar 'yar wasa daga kowace jiha, shi ya sa ta tsallaka daga wannan gefen ƙasar zuwa wancan. A wannan zaɓen ne Collingwood ta ɗauki Ash Centra a matsayi na ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da aka fara gasar a 2017 babu wadda ta wuce shekara 12 a cikin waɗannan 'yan mata. Sun taso suna kallon mata suna wasa a talabijin, kuma shekarun da magabatansu suka rasa, daga 13 zuwa 18, su a fili suka yi su. A waɗannan shekaru ne ake koyon harbi daidai da karanta wasa.

Matsalolin Da Suke Fuskanta

Duk da haka, hazaƙa ba ta isa ita kaɗai ba. Matsala ta farko ita ce rauni, musamman tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda jinyarta takan ɗauki kusan shekara guda. Nina Morrison, wadda Geelong ta ɗauka ta ɗaya a zaɓen 2018, ta ji wannan rauni bayan wasanta na farko a 2019, ta kuma sake jin sa a 2020. Isabel Huntington, wadda ta ci kyautar 2020, ita ma ta sha fama da shi fiye da sau ɗaya.

Matsala ta biyu ita ce ƙarancin wasanni. A 2017 kowace ƙungiya ta yi wasa 7 ne kawai kafin wasan ƙarshe. A 2025 an kai 12, alhali maza suna yin 23. Matashiyar da take son gogewa tana buƙatar wasanni da yawa.

Ta uku ita ce kuɗi. A 2017 yawancin 'yan wasan dalar Ostareliya 8,500 aka biya su a kaka, saboda haka dole suka haɗa wasa da wani aiki ko karatu. An ƙara albashin da kashi 94 cikin ɗari a 2022, sannan yarjejeniyar 2023 ta tanadi cewa matsakaicin albashi zai kai dala 82,000 a 2027.

Kammalawa

A wannan maƙala na yi bayanin yadda ake wasan, da yadda aka buɗe wa 'yan mata hanya, da wasu daga cikin waɗanda suka fara cin moriyar hakan. Daga abin da ya gabata za a ga cewa tsakanin Erin Phillips da Zippy Fish babban bambancin shi ne dama: an tsayar da ɗaya tana da shekara 13, an bar ɗaya ta ci gaba. Abin da ya rage shi ne a ga ko yawan wasanni da albashi da kula da lafiya za su ba waɗannan matasa damar daɗewa a fili, har su kai inda ake sa ran za su kai.