Jinya a Gida Ita Ma Tana da Ƙa'ida

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in bayyana muku abin da na gani da idona a dogon hutun bara, watau yadda ake jinyar marar lafiya a gida bisa ƙa'ida. Da can ina tsammani jinya ba ta bukatar kome sai tausayi da haƙuri. Ashe da sauran aiki.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, a Gwaram take zaune. Hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka kawo ta asibitin Gwamnatin Tarayya na nan Birnin Kudu, ta yi mako uku, sa'an nan likita ya sallame ta, ya ce sauran aiki na gida ne. Muka koma Gwaram muka yi iyakar ƙoƙarinmu, amma kafin wata ya cika sai abu biyu suka faru. Na farko, gyambo ya fito mata a kwankwaso. Na biyu kuwa laifina ne. Wata rana da safe na ba ta ƙwayar maganin hawan jini, ban san yayata ta riga ta ba ta ba. Da muka zo zaunar da ita sai jiri ya ɗebe ta, ta langaɓe a hannunmu. Allah ya kiyaye, amma ranar ko ruwa da ƙyar na iya haɗiya.

Daga nan ne kawuna ya nemo wata tsohuwar nas da ta yi murabus daga aikin gwamnati. Tana da 'yar ƙungiya ta mata huɗu da ta koya wa aiki, suna zuwa gidaje suna jinya, ana biyansu a wata. Kowa Sista yake kiranta. Ranar da ta fara zuwa ta durƙusa ta gai da Inna, ta nemi izininta kafin ta ɗaga zane ta duba gyambon. Sa'an nan ta juyo ta ce wa babana, "Alhaji, ba ƙauna kuka rasa ba a gidan nan, tsari kuka rasa." Ga abubuwan da ta shimfiɗa mana.

Na farko, wanke hannu da ruwa da sabulu kafin a taɓa marar lafiya da bayan an taɓa shi, kafin ba da abinci, da bayan an kwashe fo. Kada wani ya raina wannan. A shekarar 1847 wani likita mai suna Ignaz Semmelweis, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya lura mata masu jego suna ta mutuwa a ɗakin da likitoci ke karɓar haihuwa. Ya tilasta a riƙa wanke hannu da ruwa mai maganin kashe ƙwayoyin cuta. Cikin 'yan watanni mace-macen suka sauko daga kusan 18 cikin 100 zuwa kamar 2. In wanke hannu ya yi wannan aiki a babban asibiti, to a ɗakin Inna ma zai yi.

Na biyu, juya marar lafiya. Mu masu lafiya ko muna barci mukan juya ba mu sani ba. Wanda jikinsa ya shanye kuwa, yadda aka kwantar da shi haka zai kwana. Nauyin jikinsa sai ya danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya kasa isa wurin, naman ya fara mutuwa. Wannan shi ne gyambon kwanciya. Ya fi fitowa a kwankwaso, da dunduniya, da kafaɗa, da ƙeya. A jikinmu na baƙar fata ba ya cika nuna ja da farko, sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. Saboda haka Sista ta ce a juya Inna duk bayan awa biyu, dare da rana, a sa matashi tsakanin gwiwoyinta, a canja shimfiɗa da zarar ta jiƙe, kuma a duba fatarta kullum lokacin wanka. Rigakafi ya fi magani, gama gyambon da ya samu cikin 'yan kwanaki sai da ya ci wata uku kafin ya rufe.

Na uku, ba da abinci. Masu shanyewar ɓarin jiki da yawa haɗiya takan yi musu wuya. In aka ɗura musu kunu suna kwance, yana iya bin hanyar numfashi ya sauka cikin huhu, ya jawo ciwon huhu mai kisa. Dole a zaunar da su sosai, a ba su kaɗan-kaɗan da cokali, a bar su zaune kamar rabin awa bayan sun gama.

Na huɗu, magani da allura. Sista ta zazzage duk magungunan da ke cikin kwanon Inna, ta duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don tsare ingancin abinci da magani, ta kuma duba ranar da kowane zai lalace. Ta ware guda biyu da wa'adinsu ya wuce. Allura kuwa sau ɗaya ake amfani da ita a jefa cikin gwangwani mai murfi, domin tsohuwar allura tana ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki daga wannan zuwa wancan. Matan da ke ƙarƙashinta ba sa yin allura ko kaɗan, ita kaɗai ke yi, sai kuma wadda likita ya rubuta.

Na biyar, wanda ya fi shiga raina, shi ne littafi. Littafin rubutu ne irin namu na makaranta, an rataye shi a ƙusa kusa da gado. Duk wanda ya ba Inna magani sai ya rubuta lokaci ya sa hannu. Haka juyi, haka abinci, haka awon jini. Da akwai littafin nan tun farko, da ban ba ta magani sau biyu ba. Kowace Asabar Sista takan zo ba tare da ta faɗi lokaci ba, ta karanta shi shafi-shafi. Ran nan ta ga an tsallake juyin ƙarfe biyun dare. Ba ta yi faɗa a gabanmu ba, amma ta kira mai aikin gefe, kuma ba a sake ba. A bayan littafin ta rubuta alamun da in an gan su ba a jira kowa, sai asibiti: zazzaɓi, sarƙewar numfashi, sabuwar karkacewar baki, ɗaukewar magana, ko gyambo ya fara wari.

Wata ƙa'ida kuma ba a rubuta ta ba, amma na ga suna kiyaye ta. Ba sa wa Inna wanka sai an saki labule an fitar da maza, kuma abin da suka gani a gidanmu ba mu taɓa jin sa a bakin maƙwabta ba.

A Ingila, tun 2009 akwai hukumar da ake kira CQC, wadda ke bincika kamfanonin jinya a gida, ta ba kowane daraja, ta buga kowa ya gani. Mu ma muna da Hukumar Nas-nas da Unguwarzoma ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1979, ita ke ba nas lasisin aiki. Ga kuma makarantar koyon aikin jinya a nan garin tana yaye ƙwararru. Amma ba jami'in da zai kwana a ɗakin kakarka. Don haka, iyayenmu, kafin ku danƙa tsohonku a hannun wani, ku tambaya ba kunya: Ina ka koyi aiki? Ina takardarka? Wa ke duba aikinka? In abu ya ɓaci da dare, wa za a kira? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, gama mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Yanzu Inna tana zama da kanta, tana cin tuwo da hannun hagu, har tana yi mini tsiya wai ni ne mijin da ya so ya kashe ta da magani. Ku kuma 'yan'uwana, in an yi hutu kuka tarar da marar lafiya a gida, ku yage 'yan shafuka daga tsohon littafinku ku fara rubutawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.

Daga wani ɗan aji biyar.