Tauraron da ya dushe bai mutu ba

A ƙarshen 2019 tauraron Betelgeuse ya dushe, sai labari ya bazu a wayoyi cewa ya kusa fashewa, wasu ma har da cewa alamar tashin duniya ce. Zuwa Afrilun 2020 haskensa ya dawo. Ashe ƙurar da shi kansa ya fesar ce ta tare shi. Abin takaicin shi ne masu yaɗa labarin fashewar ba su yaɗa wannan ba.

Akwai tsofaffin taurari da dushewa ta zame musu ɗabi'a. Masana na kiran wani rukuninsu RV Tauri. Kumbura suke yi su motse, haskensu ya ragu sosai, ya dawo, ya ɗan ragu, ya sake dawowa. Mafi haske a cikinsu, R Scuti, tun 1795 wani Bature ɗan Ingila, Edward Pigott, ya lura da shi, kuma har gobe yana wannan zagaye cikin kwana 140 da 'yan kai.

Abin da ya ɗaure wa masana kai ya fi wannan. Da suka rarraba hasken wasu daga cikinsu don karanta sinadaransu, sai suka ga ƙarfe da kalsiyam sun yi ƙaranci ƙwarai, alhali tutiya da farar wuta na nan kusan yadda ya kamata. Ina ƙarfen ya tafi? Binciken Sunetra Giridhar 'yar Indiya da abokan aikinta a shekarun 1990 ya nuna ƙarancin na bin tsari. Ƙarfe kan dunƙule ya zama ƙura tun zafi na sama da digiri 1,000, tutiya kuwa sai ya sauko ƙasa da 500. Da yawa daga taurarin nan suna da abokin zagaye, ga kuma faifan gas da ƙura kewaye da su biyun. Ƙurar ta riƙe ƙarfen, hasken tauraron na tunkuɗa ta waje, gas ɗin da aka tace kuma ya koma ya lulluɓe fuskarsa. Ka ɗebi ruwan kogin Binuwai da damina, ja wur, ka zuba a randa ya kwana. Wanda ya kamfata daga sama da safe zai rantse babu laka a ciki, alhali tana can ƙasa kwance. Mu ma fuskar tauraron kawai muke gani.

A Yola muna da Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Najeriya, amma ɗalibi kan gama sakandare bai taɓa ɗaga kai ya bi tauraro ɗaya na wata guda ba. Ba kuɗi ake buƙata masu yawa ba. Ƙaramin madubin hangen nesa na hannu ya isa a ga R Scuti ta kudu maso yamma bayan isha'i a watan Oktoba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Ma'aikatar ilimi ta Adamawa ta saya wa makarantu, malaman kimiyya kuma su fito da yara su riƙa rubuta abin da suka gani.